Kafin a ɗora wa sauyin yanayi laifi, wa ya cike kududdufan Kano?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa tare da fatan alheri gare ka da duk abokan aikinka. Dan Allah ka sam min fili a shafin wasiƙu, maganar tawa da ɗan tsawo amma ka daure kar almakashinka ya yi mata illa.

Duk damina labarin da kuke bugawa kusan ɗaya ne, ku da gidajen rediyo. An tafka ruwa cikin dare, gidaje kaza sun rushe a unguwa kaza, katanga ta danne yara, washegari wani babba ya zo jaje da jiniya da buhunan shinkafa da katifu, a miƙa masa makirfo ya ce ai wannan sauyin yanayi ne, duk duniya ake fama da shi har Amurka. Wanda gidansa ya faɗi kuma ya ce daga Allah ne. Shikenan an rufe magana sai wata daminar. To ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne wannan amsa ta manya, sun samu mai laifin da ba shi da ofis ba shi da adireshi, ba wanda zai iya kai shi kotu, sai su jibga masa komai har da abin da aka sa wa hannu da biro a garin nan.

Kar wani ya ce ina musun sauyin yanayi. Labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare, kuma ina jin masu cewa a majalisa wai makircin Turawa ne dan su hana mu haƙo manmu. Wallahi ba makirci ba ne, abu ne da ake aunawa. Kafin a fara ƙona kwal da mai a masana'antu iskar kabon da ke sama ba ta wuce kashi 280 cikin miliyan ba, yanzu ta haura 420, kuma ita aikinta kenan ta tare zafin da ya kamata ya fice daga doron ƙasa. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta ce 2024 ce shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara ajiye lissafi, ɗumin ya ɗara na wancan zamanin da kusan digiri 1.55, alhali a taron birnin Faris na 2015 cewa aka yi za a dage kar ya wuce 1.5. Digiri ɗaya da rabi a kunne kamar ba komai ba, amma fa an haɗa lissafin ne da teku da ƙasashen ƙanƙara duka aka raba. A ƙasashe irin namu abin da yake nufi shi ne abin da alhazai suka gani a Hajjin 2024, da zafi ya kai 51.8 a Makka mutum sama da 1,300 suka rasu, Allah ya jiƙansu. A Afrilun 2024 ɗin ana cikin goman ƙarshe na azumi garin Kayes na ƙasar Mali ya ga 48.5. Mu nan ma ai ba sai an ba mu labari ba, kowa ya tuna layin ƙanƙara bayan la'asar, da yadda bango ke fitar da huci har asuba ba wuta ba iska, magidanta da tabarmi a ƙofar gida mata da yara na gasuwa a ciki.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba, zafin nan shi ne dai yake kawo ambaliyar. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara ɗumi tana iya ɗaukar ƙarin danshi wajen kashi 7 cikin ɗari, to in ta tashi saukewa sai ta juye shi gaba ɗaya. Masu bincike da tauraron ɗan adam sun gano cewa irin gagarumin hadarin nan mai sauke ruwa kamar da bakin ƙwarya ya ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, maƙwabtanmu na Jigawa suna cikin waɗanda suka fi ji a jika. Ranar 10 ga Satumba 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle ya shafe Maiduguri har gidan yari da gidan zu, ƙarshen Mayun 2025 kuma Mokwa, sama da rai 150 a safiya ɗaya. Ta ɗaya gefen ga fari, dattawanmu har yau suna ba da labarin na 1973 da na 1984. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke da kusan kashi 90 cikin ɗari, ya ɗan farfaɗo daga baya amma bai koma yadda yake ba, masunci da manomi da makiyayi suka dawo suna rububin ɗan abin da ya rage, wasu suka nausa kudu da shanunsu, sauran labarin kun fi ni saninsa tunda ku kuke bugawa. Shi ya sa in ana maganar barazana ga makomar ɗan adam ni ba wani tashin duniya irin na fim nake hangowa ba, ruwan sha nake hangowa da hatsi da wajen kwana, a ƙasar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke hasashen za ta haura mutum miliyan 350 nan da 2050.

Wa ya jawo? Ba mu ba ne, wannan kam gaskiya ne, duk Afirka hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba. Manyan ƙasashe sun yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 duk shekara dan tunkarar sauyin yanayi tun a 2009, aka ce zuwa 2020, ba su cika ba sai 2022 kuma mafi yawa bashi ne. A taron sauyin yanayi na birnin Baku a 2024 aka sake cewa biliyan 300, ko wata biyu ba a rufa ba sosai Trump ya dawo mulki ya sa hannu Amurka ta fice daga yarjejeniyar Faris karo na biyu. Namu kuwa a irin wannan taron da aka yi a Dubai a 2023 sunan mutum 1,411 aka gani daga Najeriya, da surutu ya yi yawa gwamnati ta ce ai 422 kacal ta ɗauki nauyi. Kacal fa. Duk mai jiran waɗannan su zo su tsamo Kano daga ruwa ya gyara zama.

To mu dawo gida, nan ne maganata take. Birnin Kano da ƙasa aka gina shi, badala da gidaje duk da ƙasar da aka haƙa a nan kusa ne, ramukan da aka bari su ne kududdufai. Kakanninmu ba su je makarantar injiniya ba amma kowace unguwa ta san inda ruwanta yake zuwa, daga indararo zuwa lungu, daga lungu zuwa kwata, ya gangara kududdufi ya kwanta, ƙasa tana shanye shi a hankali yana ciyar da rijiyoyin gidaje, wanda ya yi saura ya bi Jakara. Na yarda kududdufi akwai sauro akwai wari, kuma yara sun sha nutsewa a ciki, amma maganin wannan ai a yashe shi ne a kewaye. Bari ka ji yadda ake kashe shi, dan a idonmu aka yi wa na bayan layinmu. Da farko a ƙyale mutane su mai da bakinsa bola, ba mai hanawa har ma daɗi ake ji. In shara ta ci kamu goma sai ka wayi gari tifa na juye ɓaraguzai da marmara, kafin ka gama tambayar na waye an kafa fegi, sai dillali ya ɓullo da takarda mai hatimi, sai bulo, sai ga shaguna a jere har da mai cajin waya. Shekara na zagayowa a sake cin wani kamu goman. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce to shi ruwan ina zai koma. Duk wanda ya haura talatin a garin nan in ya bi titin BUK daga Ɗan Agundi zuwa Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya ya san abin da ke gefen badalar nan a da, ya kuma ga abin da ke wajen yanzu.

Inda ruwan yake komawa ɗakin talaka ne. Ya sauko wajen ƙarfe biyun dare, lungu ya cika, sai ya fara turowa ta kwatar gida maimakon ya fita ta nan, tsakar gida ta zama tafki masai ya tumbatsa ya haɗe da shi, uwargida tana ɗora yara kan gado tana ɗora buhun masara kan turmi, maigida da samari na ta kwarfa da bokiti da tasa suna watsawa a lungun da shi ma ya cika. Shi ginin ƙasa ba lallai ya faɗi a daren ba, ta gindi yake shan ruwa, ya yi kwana biyu yana jiƙa sai ranar da gari ya yi wasai kowa ya saki jiki katanga ta zauna kan na kwance. Bayan sati biyu kuma sai amai da gudawa. Kuma ba talaka kaɗai ba, a daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda na miliyoyin naira, 'yan kasuwar da bakinsu suka ce gine-ginen da aka dasa kan hanyar ruwa ne suka jawo. Dan Allah Malam Edita wace masana'antar Chaina ce ta sa hannu a takardun waɗannan gine-gine?

Ɗaya ɓarnar ba a ganinta sai da rani. An cike kududdufi, an daɓe tsakar gida da siminti, an shimfiɗa intalok har bakin titi, ruwan sama ba shi da ta inda zai ratsa ƙasa, sannan duk mai hali ya haƙa bohol yana zuƙa ba mai lissafi. Rijiyoyin gidaje da muka taso ana ja da guga da yawa sun ƙafe, masu haƙar bohol kullum ƙara zurfi suke suna ƙara kuɗi, 'yan garuwa su ma su ƙara wa jarka. Unguwar da ruwa ke ci a Agusta ita ce dai ke bin kura da jarka a hannu a Afrilu.

Mu talakawa ma fa ban wanke mu ba. Ana ganin hadari ya haɗo sai a aiki yaro da kwandon shara ya juye a kwata wai ruwa ya tafi da ita, ya tafi da ita ina in ba kwalbatin gaba ba? Ledar fiya wata, baƙar leda, robar lemo, ko tumatirin naira ɗari ka saya sai an ninka maka leda biyu. Ka tambayi kowane mahauci abin da yake cirowa in ya farke tumbin akuyar da ta yi kiwon bola, dunƙulen leda ne baƙi ƙirin ya cure, dabbar tana ci tana ramewa mai ita yana ta sayen magani. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Legas ma ta hana farar robar zuba abinci a farkon 2024. Mu kuwa Asabar ɗin ƙarshen wata a tsare mutane a gida na 'yan awanni, matasa su yi ƙoƙari su yashe kwata su tara a bakin titi, in motar kwasa ba ta zo ba ruwan farko ya mai da ita inda ta fito.

Sai bishiya. Duk titin da za a faɗaɗa abin da ake fara kaiwa ƙasa darbejiya da maɗacin da suka shekara hamsin suna ba mutane inuwa, a maye gurbinsu da fenti da fitila. Ga manyan motoci shaƙe da buhunan gawayi kullum suna shigowa gari, kowane buhu bishiya ce da ta faɗi a wani daji. Ni ba na zagin matar da ta ajiye tukunyar gas ta koma kurfoti, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 naira ta faɗi kilon gas ya haura dubu, da me za ta dafa wa yara? Abin haushin a ƙasar da ke cikin goman farko a duniya wajen ƙona gas a banza a Neja Delta ake wannan. An ce akwai babbar katangar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, wajen kilomita 8,000 daga Senigal zuwa Jibuti, Kano na cikin jihohi 11 da abin ya shafa a ƙasar nan, amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce wajen kashi 4 cikin ɗari aka cimma. Ban yi mamaki ba sabida na san irin dashen da muke yi, babban mutum da babbar riga ya tsuguna ya ɗan yayyafa ruwa a ɗau hoto, kafin wata ya zagayo akuya ta yi kalaci da shi.

Alhali ga darasi a bayan gidanmu. Manoman Maraɗi da Damagaram, Hausawa 'yan'uwanmu, tun tsakiyar shekarun 1980 suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututture lokacin sharar gona, sai su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi su bari su sare sauran, saiwa dama tana nan a ƙasa da ranta ba ta buƙatar ban ruwa. Da haka aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, bishiya kusan miliyan 200, ba biki ba kwangila. Da yawansu gawo ne, shi kuwa gawo kowane manomi ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye bai tare wa gero rana, da rani ya yi kore shar dabbobi su ci 'ya'yansa su bar taki a gindinsa. Abin da ya sa abin ya kama shi ne an sakar wa manomi bishiyar gonarsa ta zama tasa, ya san in ya raine ta shi zai mora. Daga nan zuwa Maraɗi tafiyar yini ɗaya ce ba sai an nemi biza ba.

Akwai biyu da zan taɓa a gurguje. Ruwan da ke fitowa daga kamfanonin jima a Sharaɗa da Chalawa da Bompai yana ɗauke da sinadarin kuromiyom mai cutar da lafiya, na Bompai ya bi Getsi ya haɗe da Jakara har dam ɗin Wasai, a hanya kuma masu lambu na ban ruwan latas da kabeji da alayyahu da shi, malaman jami'o'inmu sun yi rubutu a kai har sun gaji. Sai dam-dam. Tiga tun 1974 zamanin Audu Baƙo, ya haura shekara hamsin, Bagauda kuma ta taɓa ɓallewa a 1988 mutanen yankin ba su manta ba. Dam biyun da suka share garin Darna na Libiya a 2023 an daɗe ana gargaɗin sun tsage. Mutanen Kura da Wudil da Ringim da Haɗeja suna da haƙƙin su san yaushe rabon da a duba lafiyar abin da ke saman kansu.

Game da masu cewa daga Allah ne, na yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, ruwa na Allah ne ba mai ja. Amma tifar marmara ba daga sama ta sauko ba. Ina roƙon malamanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, yadda suke tsawatarwa kan tauye mudu a huɗuba su tsawatar kan wanda ya toshe hanyar ruwa ya tura shi ɗakin maƙwabcinsa, ko da kuwa shi ne ya gina masallacin unguwar.

Ku kuma 'yan jarida ga roƙona. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA ma na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa, amma da turancin masana ake karantawa a otal a Abuja, ku juya mana shi da Hausar da mai unguwa zai gane ku buga tun kafin a yi shuka, kuna maimaitawa. Duk wanda ya ce ya dasa bishiya miliyan kaza kar ku tsaya a ranar bikin, ku koma wajen bayan shekara ku ƙirga mana masu rai. Babban kuma shi ne kududdufan nan, ku ware wakili ɗaya ya zauna a kai, manhajar taswira ta Google Earth na da tsofaffin hotunan garin nan da aka ɗauka daga sama ana ja baya a ga yadda kowane yake shekaru ashirin da suka wuce, ku jera na da da na yanzu gefe da gefe, ku je ma'aikatar da ke ba da filaye ku nemi takardar kowane fuloti da aka yanka a ciki, in an ba ku ku buga da sa hannun da ke jiki, in an hana ku ku buga cewa an hana. Waɗanda suka rage kuma a san adadinsu da sunayensu a matsa wa majalisar jiha ta yi musu doka kafin tifa ta isa. In kuna buƙatar masu zagayawa da ƙafa lungu-lungu suna tambayar dattawa, ina da ɗalibai 'yan aji biyar da suka san cikin birni kamar yunwar cikinsu, in an yi hutu zan kawo muku su.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga cikin Birni, Kano.